Yaƙin Cindo da Ranar Bazara a kan Zomon Kaka Gwamma

Da sunan wanda ya halicci rana ya ba ta zafi, ya halicci zomo ya ba shi kunne. Bayan haka, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, Cindo ɗan Mijinyawa, ɗan Tanko Mai-gora, ɗan Jatau Kashe-daji, wanda aka ce a zamaninsa in ya yi niyyar farauta, zomayen ƙasar Malumfashi sukan yi sallama da 'ya'yansu tun kafin ya ɗaura warki. Daga wannan tsatso mai albarka Cindo ya fito, Cindo mai yatsa shida, ma'abocin sabulu da buroshi, sarkin wankin hula na bakin tasha, gagara-datti, mai sa tsohuwar hula ta tuna ƙuruciyarta. Kakanninsa sun kashe zomaye ba adadi. Shi kuwa Allah ya ƙaddara masa tsare ran guda ɗaya tak, daga hantsi zuwa la'asar, kuma masu hankali sun san tsarewa ta fi kashewa wuya.

Asalin al'amarin dai mace ce, kamar yadda aka saba a manyan yaƙe-yaƙe. Cindo yana son wata yarinya Hurera, ita ma ba ta ƙi ba. To amma a gidansu baffanni ba sa sa takalmi su tafi neman aure sai Kaka Gwamma ta ce a tafi, ita kuwa Kaka Gwamma, uwar mahaifinsa, ta ƙi cewa komai.

Ran nan da safe, tana shirin tafiya barka Funtuwa, ta kira shi ƙofar ɗakinta.

"Zo nan, maigidana. Tattabarun da ka kiwata suna ina?"

"Sun tashi, Kaka."

"Darbejiyar da ka dasa fa?"

"Akuya ce ta..."

"Kazar da na ba ka ƙishirwa ta kashe ta, a gidan mai wanki. Shi ne yanzu kake so a danƙa maka 'yar mutane? To ga Auduga nan. In na dawo na tarar yana numfashi, gobe baffanninka za su je gidan su Hurera. In kuwa na tarar da gawa, ni ce matarka har abada, sai ka yi haƙuri da ni."

Auduga shi ne zomonta, fari fat, mai jajayen idanu, wanda take ji da shi fiye da wasu jikokin. Ta yafa mayafi ta fita, ta bar amana a wuyan jarumi.

Sai Cindo ya tsaya ya dubi ɗakin Kaka da idon basira. Ɗakin ƙasa ne, rufin soro, gajere, mai duhu, yana warin daddawa da man zafi. A lungu ga wata tsohuwar randa zaune a kan tulin yashi, yashin da kullum tsohuwa take yayyafa wa ruwa da safe, abin da Cindo ya daɗe yana ɗauka a cikin rigimar tsufa. Ga Auduga kwance a gindin randar, cikinsa duk ƙasa. Tausayi ya kama jarumi. Ya ce a ransa, yau da mulki ya zo hannuna, wannan bawan Allah zai san akwai duniya.

Ya ɗauke shi cikin girmamawa ya kai shi fadarsa, wato ɗakin da ya gina da guminsa a bakin zaure, ginin bulo, daɓen siminti, rufin kwano sabo fil mai ƙyalli, wanda in rana ta haska shi har daga tasha ana hangowa. Silin ne kawai ba a kai ga sawa ba. Ya shimfiɗa masa bargon da yake ajiya domin aure, ya jera masa latas da dusa, ya kunna fanka ya juya ta wajensa, ya koma gefe ya harɗe yana jiran godiya.

A nan ne maƙiyiya ta bayyana. Rana, sarauniyar bazara, mai rundunar da ba a ƙirgawa, wadda ta ƙone gonakin sarakuna ba ta nemi afuwa ba, ta taso daga gabas a hankali kamar ba da ita ake ba, ta zo ta kafa sansani daidai bisa kwanon Cindo. Kwano ya fara ƙas, ƙas, alamar an buga tamburan yaƙi. Kuma a daidai wannan sa'a, masu wutar lantarki, waɗanda ba a taɓa jin sun tsaya wa kowa a ranar tsanani ba, suka janye dakarunsu. Fanka ta yi juyi biyu na bankwana, ta sunkuyar da kai.

Auduga ya sauka daga bargo ya miƙe a kan siminti, ƙafafu baya, haƙarƙari yana sama yana ƙasa. Kunnuwan nan suka yi ja, suka yi zafi kamar an ciro su daga tanda. Latas ko kallo bai ishe shi ba.

Cindo ya miƙe tsaye, ya cire riga, ya zaro mafici daga bayan katifa kamar mai zare takobi daga kube.

"Sai ni Cindo na Gwamma, jikan Jatau! Yau ko ni ko ke!"

Aka yi gumurzu. Ya yi fifita da dama har dama ta mutu, ya koma hagu har hagu ta nemi sulhu, ya haɗa hannu biyu, yatsa na shida ma ba a bar shi a baya ba. Amma fa iskar da ke ɗakin ita ce dai yake korawa daga wannan bango zuwa wancan, ta je ta gaisa da bulo mai zafi ta dawo da ƙarin zafi. Ya jiƙa buhu ya rataya a taga. Kafin ya juya ya ɗauki mafici, buhu ya bushe ƙayau yana neman ƙari.

Da ya ga yaƙin cikin gida ya ƙi, sai ya yanke shawara irin ta manyan mayaƙa, ya ce a kai wa abokiyar gaba hari har sansaninta. Ya jingina tsani, ya ɗauki bokitin ruwa, ya cire silifa don kada santsi ya kwashe shi, ya hau. Tarihi ba zai manta da lokacin da tafin ƙafar jikan Jatau ya sauka a kan kwanon tsakar rana ba. Waɗanda suka hango shi daga nesa sun ba da shaida cewa ba su taɓa ganin rawa mai sauri irin wannan ba, kuma ba kiɗa. Bokiti ya kife, ruwa ya yi cuu a kan kwano ya tashi sama, bai ko tsaya an gaisa ba. Jarumi ya sauko ta hanyar da ta fi tsani sauri.

Saura makami ɗaya, shi ne ƙanƙara. Ya leƙa ɗaki, ya ga Auduga yana nan yana haki, hancinsa a jiƙe. Ya ce masa ya yi haƙuri ya riƙe ganuwa, ya bar ƙofa a ɗan buɗe don iska ta samu hanya, ya ɗingisa zuwa shagon mai ƙanƙara a bayan kasuwa.

A can ya tarar da runduna ta riga shi: mata masu zoɓo da kunun aya, kowace da kularta, sun yi layi har kan kwana, ba mai fara'a. Ya rusuna.

"Iyayena, ku yi wa Allah ku bar ni in wuce. Marar lafiya na baro a ɗaki."

Layi ya dare. Wata dattijuwa, Indo mai zoɓo, ta dafa ƙirji ta ce, "Subhanallahi. Gwamma ce? Ai da safe na gan ta garau."

Da Cindo maƙaryaci ne, da yaƙi ya ƙare a nan. Amma jinin Jatau ba ya ƙarya.

"A'a, Inna, zomonta ne."

Indo ta sauke hannu daga ƙirji. Layi ya koma ya haɗe.

"Ɗan nan," in ji Indo, "ai maganin wannan ba ƙanƙara ba ce. Albasa ce da ɗan yaji, tun bai mutu ya zama mushe ba. Koma baya."

Ya koma baya. Ya tsaya a rana ba riga, ba hula, shi da yake wanke hulunan gari, har inuwa ta fara karkata, sannan aka miƙo masa ganima, ƙanƙara mai girman bulo a cikin leda. Ya ɗora a ka ya kama gudu a kan ƙafafu masu ƙuna. Rana ta biyo shi tana karɓar harajinta. A bakin kasuwa bulo ce. A wajen masu faci ta koma burodi. Da ya shiga zaure, abin da ke hannunsa bai wuce sabulun da aka kwana biyu ana wanki da shi ba.

Ya faɗa ɗaki yana kirari. Ga bargo, ga latas ya yi yaushi, ga fanka a sunkuye. Babu Auduga.

Ya ɗaga katifa, ya kifar da kwandon huluna, ya duba bayan murhu, ya duba makewayi, ya leƙa rijiya. Ya tsare kyanwar maƙwabta da tambayoyi, ta yi hamma ta juya masa baya. Ko'ina ya duba a gidan nan, ban da ɗakin Kaka, domin a iliminsa ba ya yiwuwa mahalukin da ya ɗanɗana siminti da bargo ya koma wa ƙasa da warin daddawa. Ya tsaya a tsakar gida, ya tuna Hurera, ya tuna zai tsufa yana mijin kakarsa. Sai ya ga katanga tana zagaya shi, ya ga rana ta zama biyu, ya buɗe baki zai yi kirarin ƙarshe, ƙasa ta taso ta tarye shi.

Abin da ya fara ji da ya farfaɗo sanyi ne a kumatu, sanyi mai daɗi irin wanda bai ji ba tun damina. Yana kwance a ƙasan wani wuri mai duhu. Kaka Gwamma tana zaune a kansa, mayafin tafiya ma ba ta cire ba, tana yayyafa masa ruwa da moɗa. Ita da maƙwabta suka jawo shi ɗakinta.

"Kaka," ya ce da ƙyar, "amana ta salwanta. Auduga..."

"Juya kanka."

Ya juya. A gindin randa, cikin ɗan ramin da ya tona a jiƙaƙƙen yashi, ga Auduga kwance, ya manna cikinsa da ƙasa, ya jingina kunne da jikin randa, yana tauna wani abu a natse. Ya dubi jarumi da jan idonsa, ya ci gaba da tauna.

"Kana tsammani don aljannu nake jiƙa yashin nan kullum?" in ji Kaka. "Randa ta yi sanyi, shi ma ya samu. Ka ɗauke shi daga inuwa ka kai shi tanda, Allah ya taimake shi ka bar ƙofa a buɗe. Abin kirki ɗaya ke nan da ka yi yau."

Cindo ya ƙura wa zomo ido. Can ya ce, "Amma dai yana numfashi, Kaka."

Tsohuwa ta dubi zomo, ta dubi ƙafafun jikanta da suka yi bororo, ta dubi 'yar ledar da har yanzu yake damƙe da ita, ba komai ciki sai ruwan ɗumi.

"Yana numfashi. Baffanninka za su je gobe. Ba don ka iya riƙo ba, maigidana. Don na ga in ba a samo mai riƙonka ba, ba za ka kai damina ba. Zan ce su gaya wa yarinyar gaskiya, kiwo za a ba ta."

Haka aka tashi daga wannan yaƙi mai girma, Rana ta koma yamma ba ta san ma an yi da ita ba. Fadar kwano tana nan tana ƙyalli har yau, ana hango ta daga tasha. Amma in azahar ta yi, mai neman Cindo ɗan Mijinyawa, jikan Jatau Kashe-daji, sai ya leƙa ɗakin Kaka. Zai same shi kwance a gindin randa, in Auduga ya ga dama ya matsa masa.