Ƙwan Zabin da Suka Ƙi Ƙyanƙyashewa

Wallahi ranar nan ba zan taɓa mantawa da ita ba, ku dai tsaya ku ji!

A wani shagon sola nake aiki a Tudun Wada. Maigidanmu Alhaji ya ware mana yammacin Alhamis: daga Azahar babu aikin shago, kowa ya koyi abin da ransa yake so da kayan shagon. Manajanmu Malam Iliya kuwa kullum cewa yake ɓata lokaci ne, a soke kawai. Sai Alhaji ya ce to, kowa ya nuna abin da ya yi tukuna, sannan a yanke hukunci.

Ni dama injin ƙyanƙyasar ƙwai ne ya shiga raina. A bidiyon waya na koya, na samu mataccen firji, na sa masa ƙwan fitila da ƙaramar fanka da batir. Na hau babur har kasuwar Kafin Maiyaƙi, na sayi ƙwan zabi wajen wata Bafulatana, na dawo a guje (ko gaisawar kirki ban tsaya mun yi ba, ɗoki ya hana).

Kusan wata guda ina juya ƙwan nan safe da yamma. Har na yi wa abokan aiki alkawarin zabuwa ɗai-ɗai. Suka sa min suna Injiniya, ni kuma ina amsawa (Allah Ya yafe min).

Ranar nuni kowa ya kewaye firjin. Shiru, ko tsaga babu. Alhaji ya ɗauki ɗaya, ya kara a kunne, ya girgiza, sannan ya ƙwanƙwasa a gefen tebur. Wari ya tashi! Ya ɓare shi tas, ya ɗago ya kalle ni.

"Injiniya, wannan ai dafaffe ne."

Sai a lokacin na tuna matar har ƙullin yaji ta haɗo min da shi. Ni na ɗauka gyara ce!

Malam Iliya ya toshe hanci yana dariya har da hawaye. "Ranka ya daɗe, ka gani ko? Wata guda yana ɗumama abincin rana!"

Na sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, na kashe wa kowa Alhamis.

Alhaji ya zura hannu cikin firjin. "Zafin nan ya taɓa yankewa?"

"Ko sau ɗaya, Alhaji."

"To ai inji ya yi aikinsa, Iliya. Alhamis tana nan. Kai kuma koma ka sayo ɗanye, wannan karon ka buɗe baki ka yi tambaya."

Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Zubi na biyu sun ƙyanƙyashe, har Malam Iliya ma ya samu zabuwarsa a ciki. Waya ta koya min komai game da zafi da danshi, amma ba ta ce in tambayi mai ƙwai ko ta dafa ba.

Ku fa, wace kunya koyo ya taɓa ja muku? Ku faɗa, kar a bar ni ni kaɗai.