Rasuwar Hatimin Anti Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya ake sanar da ɗalibai da malamai, da mutanen unguwa masu shigowa karatu da yamma, rasuwar Hatimin Kwanan Wata na laburaren da ke ƙarshen barandar makaranta, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya ɗauke ta a bakin jinya. Ya cika ne a hannun uwar ɗakinsa, mai kula da laburaren, wadda yara suka laƙaba wa Anti Shiru har iyayensu ma suka manta tana da wani suna. Sanarwar tata ce. An dai rubuta ta ne a madadinta.

Marigayin ɗan ƙaramin abu ne, bai fi cikin tafin hannu ba. Yana da mariƙin katako da robobi uku masu juyawa: ta rana, ta wata, da ta shekara. Aikinsa ɗaya ne a duniya, kuma bai taɓa raina shi ba. Duk littafin da zai fita aro, sai an buɗe bangon baya inda aka manna 'yar takarda, ya buga ranar da za a dawo da shi. Bai san ɗan shugaban makaranta ba, bai san ɗan mai shara ba, ranar da ya ba wannan ita yake ba wancan. Magana biyu gare shi tun yana sabo: tuf a kan soson tawada, ƙwas a kan takarda. Wanda ya taɓa zama a ɗakin nan ya san wannan sautin, don shi kaɗai Anti Shiru ta yarje wa ya yi surutu. In aka ji tuf, ƙwas, tuf, ƙwas ba ƙaƙƙautawa, to an tashi tara ke nan, yara sun yi layi har bakin ƙofa.

An shaide shi da haƙuri. Ya sha faɗowa daga kan tebur, ya sha shiga aljihun 'yan aji ɗaya a matsayin ganima, an taɓa buga shi a goshin wani mai barci, duk bai yi ƙorafi ba. Mariƙinsa ya lotsa daidai inda babban yatsan Anti Shiru ke zama, ta yadda in wani ya ɗauke shi sai ya ji kamar ya sa takalmin da ba nasa ba.

Ciwon ajalinsa da shi aka haife shi, sai dai babu wanda ya duba. Robar rana da ta wata zagayawa suke yi, in sun ƙare su koma farko. Robar shekara kuwa ba ta zagaye. Shekarun da aka rubuta mata ƙidayayyu ne, kuma wata safiya ta farkon shekara Anti Shiru ta murza ta, ta ji ta cije. Babu wata shekara a gaba. Ta kai maganar ofis, shugaban makaranta ya ce, “To, ana dubawa.” Ta koma mazauninta ta duba layin yaran da ke jira, ta ce a ranta ai babu mahaukacin da bai san shekarar da ake ciki ba, rana da wata ake nema, su kuma lafiyarsu ƙalau. Ta dangwala shi a tawada ta buga. Haka ta buga gobe, haka ta buga baɗi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma a nan ba wauta ba ce kaɗai, har da ƙauna, don da an kawo sabo ma ba lallai hannunta ya karɓe shi ba. Yaran da suka fara aro da waccan shekarar sun gama makaranta, ƙannensu sun zo sun tarar hatimi yana nan a shekarar da ya tsaya. Telan bakin titi, wanda ba ya fashin aron littattafan tarihi, ya taɓa duba bayan littafinsa ya ce, “Anti, ni dai ina son ɗakin nan, nan ne kaɗai ba na tsufa.” Aka yi dariya, har da ita.

Bana ne aka turo takarda cewa duk masu kula da laburaren makarantu da na unguwanni su hallara a bitar ƙara wa juna sani. Kada wani ya ce Anti Shiru ta tafi tana gunaguni. Shekara da shekaru tana ganin malamai na tafiya kwas suna dawowa da jaka da satifiket, ita kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa tuna cewa aikinta ma ana koyonsa ba. Ta ɗinka sabon kaya wajen telan nan, ta sayi littafin rubutu, ta zauna a sahun gaba. Kuma ta ƙaru, wannan gaskiya ce da ba za a binne ta tare da mamaci ba. Ta koyi yadda ake jera littattafan ƙananan yara a kantar ƙasa, fuskarsu na kallon mai shigowa. Ta koyi karatu a bayyane da murya mai hawa da sauka, ita da ta ƙare rayuwarta tana cewa a yi shiru. Ta taɓa kwamfuta ba ta fashe ba. Kullum ta koma masauki sai ta kira ƙanwarta a waya ta ce, “Ke, ashe da can a duhu nake aiki.”

A ranar ƙarshe aka zo darasin tankaɗe da rairaya. Mai bitar mutum ne mai fara'a, yana riƙe da 'yar sanda mai jan haske da yake nuna rubutun majigi da ita. Ya ce laburare kamar gona yake, in ba a cire ciyawa ba amfani ba ya tashi. Ya ɗaga wani littafi ya buɗe bangon baya. “Kun ga nan? Nan littafi ke faɗin gaskiyarsa. In hatimin ƙarshe ya haura shekara biyar, babu mai karanta shi. Mataccen littafi ne, a fitar da shi.” Sannan ya ƙara da cewa tawaga za ta zagaya ta duba, kuma duk laburaren da aka samu matattunsa sun fi rayayyu yawa, za a kwashe kayansa a haɗe da babban laburare na can ƙetaren gari, a mayar wa makaranta ɗakinta.

Anti Shiru tana cikin rubuta wannan da kyakkyawan rubutunta, har ta ja layi a ƙarƙashin “shekara biyar”, sai biron ya tsaya. Ta lissafa, ta sake lissafawa, ta ga shekarar da hatiminta ya tsaya ta wuce biyar da nisa. Duk littafin da ke ɗakinta, har wanda aka ara a makon jiya, har wanda bangonsa ya yi laushi saboda yawan hannu, bayansa na shaida cewa rabon da a taɓa shi tun waccan shekarar.

Ta ɗaga hannu, muryarta a ƙasa. “Malam, to in hatimin ne ya yi kuskure fa?”

Ya yi murmushi irin na malamin da ya sha jin uzuri. “Anti, hatimi ba ya ƙarya. Mu ne muke yi.”

Aji ya fashe da dariya. Ta karɓi satifiket ɗinta a wannan yammacin, aka ɗauke su hoto, ita kaɗai ce a ciki ba ta buɗe haƙori ba.

Ta dawo ta tarar da marigayin a inda ta bar shi, kwance a gefen tawada, bai san abin da ya aikata ba. Ta ɗauke shi ta murza robar shekara da yatsa, ta ƙi. Ta ɗiga mata man keken ɗinki, ta ƙi. Tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani mai tsawo, abin da kawai ke kanta shi ne kada tawaga ta zo ta same shi a wannan halin. Sai ta buɗe durowa ta ɗauko filaya. Waɗanda ke ajin da ke maƙwabtaka sun ce sun ji wani ɗan ƙara, ɗas, daga nan ba su ƙara jin komai ba. Robar da ta bushe tun tuni ta tsinke, ta marmashe a kan tebur, lambobin shekarun suka zube baƙi-baƙi kamar kashin ɓera. Wannan ɗas ɗin ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

An garzaya da shi wajen mai gyaran agogo, tsoho mai gilashi a ido ɗaya. Ya juya shi, ya hura shi, ya saurari labarin tun daga farko, sannan ya ajiye shi a hankali.

“'Yata, wa ya aike ki? Ai da kin bar shi yadda yake, shi ne shaidarki. Ki miƙa musu shi kawai, su murza da hannunsu su ga shekararsa ta ƙare, magana ta mutu. Yanzu fa? Wa zai yarda a wace shekara ya tsaya?”

Garin neman gira ta rasa ido, kuma ta san haka kafin ya rufe baki. Ya ce akwai mai sassaƙa hatimi a layin baya, in tana so a yi sabo ta bi littattafan ta buga musu bana. Ta girgiza kai. Tawada ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane, kuma ba ta yi shekarun nan tana hana yara satar amsa ba don ta ƙare da irinta. Ta naɗe gawar a hankici ta dawo da ita.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa Tawada, wadda tun ranar ta fara bushewa a cikin sosonta. Ya bar 'yan'uwansa na durowa ɗaya, Almakashi da Gam da Rula. Ya bar 'ya'ya da jikoki a bayan kowane littafi, layi bisa layi, dukansu shekararsu ta haihuwa ɗaya, kuma su ne za a kira shaida a kan gidan ubansu. Ya bar tela da littafin tarihi bai kai rabi ba. Ya bar matan unguwa masu zuwa koyon karatu bayan la'asar, waɗanda ƙetaren gari ya fi ƙarfin ƙafarsu da lokacinsu. Ya bar Anti Shiru da satifiket sabo fil a jikin bango, wanda ke tabbatar da cewa ta ƙware a gane mataccen littafi.

Masu zuwa gaisuwa sun fara zuwa, sai dai ba duka ne gaisuwar ta kawo su ba. Shugaban makaranta ya shigo ya ce Allah ya ba da haƙuri, idonsa na kan bango, yana auna tsawo da faɗi. An ji shi a baranda yana tambayar kafinta ko kantocin nan za su ɓalle ba tare da sun tsage ba. Jiya kuma wata mota ta tsaya a bakin ƙofa, aka sauke kwalaye babu komai a ciki, aka jingine su a bayan ƙyaure, direban ya ce an ce ya ajiye kafin tawaga ta iso. Anti Shiru ta tsaya ta dube su da kyau. Ta san girman mamacinta, kuma ko mafi ƙanƙantar kwalin nan ya yi masa yawa.

Ga yadda aka tsara rakiyarsa. Tawaga za ta iso ranar Litinin da safe, rana kuwa ba ta ƙarya. Saboda haka za a yi zaman makoki ranar Asabar a cikin laburaren, daga buɗe ƙofa har faɗuwar rana. Za a sa marigayin a durowar ƙasa ta hannun dama, cikin hankicinsa, tare da abin da aka iya tsincewa na shekarunsa. Ba a buƙatar kuka mai sauti, dokar ɗakin tana nan. Ana roƙon ɗalibai da iyayensu, da tela, da matan la'asar, da duk wanda ya taɓa jin tuf da ƙwas, kowa ya zo, kuma ya zo hannu sake, in da hali da jaka.

Wanda ke riƙe da littafin aro a gida, Anti Shiru, wadda ta bi wasunku har ƙofar gida a kan littafi ɗaya, ta ce a faɗa muku kada ku kawo shi. Wanda ya zo kuma ba zai fita haka nan ba, za ta ba shi aron abin da hannunsa zai iya ɗauka, ita da kanta za ta miƙa. Littafin da ke hannun mai karatu, babu tawagar da za ta sa shi a kwali. Kada kowa ya tsaya a gaban tebur yana jiran a buga masa rana. Mai cewa a dawo da littafi ya rasu.