Rasuwar Wayar Ɗakin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki sharkaf da gumi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar wayar wutar da ta tashi daga mitar ƙofar gidanmu, ta bi kan katanga, ta ƙare a ɗakin mahaifiyarmu, Inna. Marigayi Baba ne ya ja ta da hannunsa tun ina rarrafe.

Marigayiyar 'yar asali ce, tagulla zalla ciki da waje. Ba ta cikin wayoyin yanzu da ake shafa wa ja a fuska, ka kankare da wuƙa ka tarar da fari. An ce azurfa ta fi ta saurin kai saƙo, amma wa ya taɓa ganin azurfa a kan katanga? Zinariya kuwa ba ta tsatsa, sai dai da ita Baba ya ja, da ɓarayi sun yi mata jana'iza tun ranar farko. Tamu ta sha rana, ta sha ruwa, an lanƙwasa ta ba ta karye ba, an ɗora mata fanka da rediyo da dutsen guga ba ta taɓa ɗaukar zafi ba. Iyakar ƙorafinta, in nauyi ya yi yawa, ta ɗan ce "zzz" ta yi shiru.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ɓera, wanda ya gutsure ta a bayan kicin. Da an bar ta da ɓeran ma da sauƙi. Sai ga mijin ƙanwata, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba", ya naɗe hannun riga ya ce, "Yaya, ai waya waya ce." Ya fara yi mata ƙari da baƙin ƙarfen da ake ɗaure shinge, ƙarfen ya yi zafi ya yi tsatsa. Ya cire, ya sa guntun alminiyom. Ba na raina alminiyom, mara nauyi ne, a saman manyan turaku yana aikinsa lafiya. Amma shi da tagulla ba sa ga maciji. Mahaɗar ta saki, ta yi farin gari, ta fara wari. Ranar Talata da rana tsaka marigayiyar ta ce "ɗas!", shi ne kalamanta na ƙarshe.

Ba na zargin kowa. Ina dai tunawa cewa shi wannan likitan waya, mijin ƙanwata, da matarsa sun daɗe suna zawarcin Inna ta koma gidansu mai sola.

Ta rasu ta bar fanka ɗaya da ta daina juyi, da rediyo da ya kurumce, da Inna, wadda ta yi kwana biyu tana fifita da murfin tukunya, sannan ta haɗa kayanta za ta koma gidansu mai sola. Na sayo sabuwar waya, na kankare ta a gaban mai shago, ja ce har zuciya. An ja, fanka ta tashi. Inna ta kalle ta ta ce, "Tana juyi dai, amma ba ubanku ne ya ja ta ba." A nan na gane ba zafi kaɗai ke korar ta ba, kuma gaskiya hankalina ya tashi. Ban san gidan nan ba tare da tarin Inna da faɗanta ba.

Game da jana'iza, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ɗaukar gawa, Inna ta kore shi da tsintsiya. Gawar tana hannunta, da ita ta ɗaure akwatinta tamau, yana nan ajiye a bakin ƙofa. Saboda haka ba a sa rana ba. In ta kwance, za mu naɗe marigayiyar mu rataye ta a ɗakin, kowa ya zo a yi dariya. In kuwa kuka ga motar surukina ta fita da akwatin nan, to ku shigo ku yi mini gaisuwar gaske.