Kwanon Kawu Ƙanƙani

Idan ana batun tawali'u, to, a tsaya a sara wa kawuna. Duk ikkilisiyarmu babu mai ƙanƙan da kai kamarsa, shi ne ma ya fara lura da hakan, ya kuma sanar da jama'a. Yana da shagon buga takardu, saboda haka ya buga wa kansa kati mai ruwan zinariya, a jiki an rubuta "Mafi Ƙanƙanta Cikin Bayin Ubangiji" da manyan baƙaƙen da ko makaho zai shafa ya karanta. Tun daga ranar muke kiransa Kawu Ƙanƙani, ko da yake in ya zauna a benci, mutum uku ne ke rasa wuri.

Littafinsa Mai Tsarki ya fi na Fasto girma da nauyi, kuma yana nan fes kamar yau aka saye shi, saboda tsabar girmamawa ba ya yawan damun shafukansa. Yana da murya biyu: ta ciniki, da ta addu'a. Ta addu'ar daga can ƙasan tumbi take fitowa, tana rawa. In ya sa wa abinci albarka, sai an mayar da shi kan wuta.

"Ni ba kowa ba ne," yakan ce a lokacin ba da shaida a coci. "Ni ƙura ne. Fankokin nan huɗu da ke kaɗawa a kanku, ba na so a san ni na saya."

An kuwa sani, don kowace Lahadi sai ya roƙa kada a sani.

A gida kuma akwai Kaka, mahaifiyarsa, a ɗakin ƙurya kusa da madafa. Idonta ya dushe, kunnenta ya yi nauyi, ƙafafunta na kumbura. Kullum da safe matar Kawu takan ɗumama ruwa, ta zuba ɗan gishiri, ta durƙusa ta wanke su, ta kauce wa babban yatsan hagu da ba ya son taɓi. Kawu kan wuce ƙofar da sauri da littafi a hammata, domin aikin Ubangiji ba ya jira. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Sai kujerar dattijon ikkilisiya ta faɗi babu kowa, aka sa ranar zaɓe. Kawu ya ce shi ba ya neman muƙami, amma in Ruhu Mai Tsarki ya matsa masa, wane shi ya ƙi? Don ya taimaka wa Ruhu wajen matsawar, ya je wurin Fasto da shawara: tun da Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, shi ma zai wanke na 'yan'uwa a gaban jama'a, a ranar zaɓen, kafin ɗaga hannu. Fasto, mutum mai sanyin magana, ya yi murmushi ya ce to.

Aka shiga shiri. Kawu ya sayi sabon kwano mai faɗi, ya sa aka rubuta laƙabinsa a gefe da jan fenti. Ya sayi farin tawul. Ya zaɓi mutum biyar masu ƙafar kirki, babu mai faso ko ɗaya, ya bi su gida gida da gargaɗi: a yanke farce, a goge da sabulu, a zo da sabuwar safa. Ya ɗauko mai hoto ya nuna masa ta wane ɓangare fuskarsa ta fi nuna tawali'u. Kwana uku yana gwajin durƙuso a gaban madubi, don sauka ba wuya, tashin ne aiki.

Da safiyar ranar ya tsaya a tsakar gida ya ba da doka: "Duk mai numfashi a gidan nan ya zo ya ga yadda ake bin Ubangiji. Ban ɗauke wa kowa ba."

Matarsa mai biyayya ce. Kaka tana numfashi. Sai ta yi mata wanka, ta ɗaura mata ɗankwali, muka riƙo ta a hankali har majami'a.

Bayan wa'azi Kawu ya fito, tawul a kafaɗa, kwano a hannu, masu tsabtar ƙafa biyar sun jeru a benci suna ƙamshi. Fasto ya ɗaga kai ya hango Kaka.

"Ashe yau Mama ta samu fitowa! Ai ba a tsallake babba. Da ita za a fara."

Aka zaunar da Kaka a kujerar gaba. Kawu ya dubi mai hoto, ya sauka kan gwiwa kamar yadda ya koya. Ya saki muryar addu'a, ya kama ƙafar hagu ta babban yatsa, ya tsoma ta cikin ruwan sanyi.

"Wayyo! Wane mugun ne wannan?"

Mai nauyin kunne ba ta san raɗa ba. Har na bencin baya sun ji. Matar Kawu ta matso da sauri, ta durƙusa gefensa, ta gyara masa riƙo, ta nuna masa inda ake tallafewa. Kaka ta lafa. Ta miƙa hannu ta shafa sanƙonsa.

"Hannun baƙo ne, amma zai koya. Yaro, ɗan gidan wa ne kai? Allah ya yi maka albarka. Ni ma ina da ɗa kamarka, babban mutum, mai tsoron Allah. Hidimar coci ce ta riƙe shi, shekara biyu ke nan bai leƙo ɗakina ba. In ka gan shi, ka ce ina gaishe shi."

Majami'a ta yi tsit, sai fankokin nan huɗu. Wata daga cikin mawaƙa ta cusa fuska a littafin waƙa, kafaɗunta na girgiza. Mai hoto kuwa, mutum mai cika aiki, ya danna. Hoton yana nan a kundin gidanmu da nake ajiyewa: Kawu a durƙushe, baki buɗe, kuma a gaskiya fuskarsa ba ta taɓa nuna tawali'u kamar ranar ba.

Sai da dikinoni biyu suka taya shi tashi. Da aka zo ɗaga hannu ya samu biyu: nasa, da na mai hoto, wanda daga baya aka gane kyamara yake ɗagawa.

Kawu ya ce shi dama bai nema ba, kuma annabi ba ya daraja a garinsu.

Kwanon kam ya samu kiran hidima. Kullum da safe yana ɗakin Kaka, cike da ruwan ɗumi, jan rubutun nan na gefensa yana ɗan kankarewa. Kaka ta ce a gode wa baƙon da ya bar mata shi. Har yanzu tana jiran ya isar da gaisuwar.