Yadda Jar Mota Ta Kai Ni Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura wa ƙanena Nura aure ba, kuma duk ranar da na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Haushin mutum uku nake ji har gobe: dillalin da ya sayar mini da mota, bakaniken da ya faɗa mini gaskiya, sai kuma ni kaina, wanda nasa haushin ya fi na sauran biyun a haɗe.

Ni malamin gona ne a Dutsin-Ma. Aikina shiga ƙauyuka, duba gero da dawa, da yi wa manoma surutun da rabinsa sun riga ni sani. Shekara tara ina tuƙa wata tsohuwar akori-kura, ba ta da kyau ko na sisi, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ina zaman zamana sai wata rana na ga wata jar mota a wurin masu sayar da motoci na bakin titi. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa kamar kadangare. Na ce bari in tsaya in kalla kawai. (Duk wanda ya ce maka kallo kawai zai yi, to ya gama saye a zuciyarsa.)

Dillalin, wani Alhaji Ɗanjuma, ya tayar da ita ya taka totur sau biyu. Ƙarar da ta yi sai da awakin da ke ƙetaren titi suka watse. Ya ce ta wani ɗan mai kuɗi ce da ya gama jami'a ya bar garin, shi ya sa za a sayar da araha. Ban tambayi kaina me zai sa ɗan mai kuɗi ya tafi ya bar motarsa ba.

Don kada a ce ban yi bincike ba, na ɗauko Malam Lawal, bakaniken da ke yi mini gyara tun ina da babur. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya sa yatsa a bakin salansa ya shinshina, sannan ya ja ni gefe.

"Yallaɓai, ka rufa wa kanka asiri. Irin wannan injin kowa ya san shi. Baƙin mai yake sha kamar koko, ga ɗaukar zafi, in ya tashi bugawa kuma ba ya sallama. Biyu aka taɓa kawo mini, duka biyun a kan babbar mota suka bar garejina."

Na ce, "To ai kowace mota da halinta."

Ya ce, "Wannan ba hali ba ne, ciwon gado ne."

Ban tsaya nan ba, na shiga waya na karanta abin da masu irinta ke faɗi. Kowa kuka yake, daga mai cewa injinsa ya buga a kan hanyar asibiti, sai mai rantsuwar ba zai ƙara ba. Na karanta tsaf, na gyaɗa kai, na ce ai su ba su iya riƙon mota ba ne. Da na gaya wa Alhaji Ɗanjuma abin da bakanike ya ce, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, bakaniken akori-kura me ya sani a kan motar manya? Hassada ce." Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi kamar an zuba mini zuma a kunne. A satin na sayar da akori-kurata, na cika da ajiyar da nake yi ta rufin ɗakin yara.

Da na shigo da ita ƙofar gida, matata ta leƙo, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Baban Aisha, mu shida ne a gidan nan. A ina sauran huɗun za su zauna?" Na ce mata ba ta san mota ba. Ta ce, "Haka ne. Amma na iya ƙidaya."

Na yi sati uku ina sarauta. 'Yan jami'a na ɗaga mini hannu, 'yan acaɓa na kauce mini. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kullum da sassafe sai na ƙara mata baƙin mai a ɓoye kamar mai ba jariri magani. Wata jar fitila kuma ta kama kunnawa a gaban sitiyari, ni kuwa na samo baƙin salatif na liƙe ta. (Eh, na sani. Ba sai ka faɗa ba.) Ranar da aiki ya kai ni ƙauyen Shema kuwa, a bakin kwalta na ajiye ta na hau acaɓa, don ko tudun tururuwa ba ta iya hayewa.

Sai ga bikin Nura. A Kurfi za a ɗaura, ƙarfe sha ɗaya na safe, a ƙofar gidan uban amarya, wani tsohon hedimasta da aka ce ko liman ya makara sai ya ji daga bakinsa. Wakilin ango shi ne Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya da ciwon gwiwa. Sadaki na aljihunsa. An tanadar masa gaban bas ɗin 'yan uwa, ni kuwa na dage sai dai ya shiga tawa.

Nura ya ce, "Yaya, don Allah ka bar Baffa ya bi mu."

Na ce, "Kai, ka san abin da ake kira daraja kuwa? Ku yi gaba, kafin ku kai Birchi mun wuce ku."

Suka tafi. Ni kuma na tsaya aka ƙara goge mota, don kada ƙura ta rage mata kwarjini. Da ƙyar muka cusa Baffa, aka naɗe masa babbar riga a cinya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Wagga mota ko makara?" Na yi dariya ni kaɗai.

Muna fita gari na sake mata giya. Gaskiya ta yi gudu, ba zan ci amanarta a nan ba. Baffa ya riƙe hularsa yana salati, ni kuwa ina jin kaina kamar gwamna. Mun wuce Birchi, har Kurfi ta fara leƙowa, sai na ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Kafin in ce me, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta yi tari biyu ta mutu. Da ƙyar na gangara da ita gefen titi.

"Mi ya hwaru?" in ji Baffa.

"Ba komai, Baffa, hutawa take yi."

Na fita na bar ƙofata a buɗe, na ɗaga bonet, zafi ya dake ni a fuska. Ruwan leda huɗu na fasa na watsa wa injin, ya yi ƙara kamar an jefa ƙosai a mai. Na dawo na yi ta murza ta, tana gurnani tana ƙi, na ƙara, na ƙara, har batir ya ce ga garinku nan. Nura ya kira, na ce ga mu nan a bakin gari. Ya sake kira, na ce mun tsaya shan mai. Lambar Malam Lawal na cikin wayata, na kalle ta ya fi sau biyar, girman kai ya hana ni dannawa.

Sha ɗaya da rabi Baffa ya ce, "Hiddo ni in hau mashin." Na zagaya na ja ƙofarsa, shiru. Ashe ƙofofin da lantarki suke buɗewa, ga batir ya mutu. Gilas ma ya ƙi sauka. Na ce ya ƙetaro ta wajen direba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, gwiwar ta ƙage, ya yi wata ƙara da har yau nake ji a kunnena, ya koma ya zauna gumi na zuba daga gemunsa. Tsoho, ga rana ta take, ga mota kamar tanda. Na tuɓe hulata ina yi masa fifita.

Na ce, "Baffa, ko ka ba ni sadakin in kai, wani ya karɓi auren?"

Ya kalle ni kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. "Ubanku na kan gadon asibiti na yi mashi alkawari ni zan karɓi auren Nura da bakina. Kai ka sa ni cikin wagga tsiya, kai za ka kai ni. Ko a kanka za ka ɗauke ta."

Nura ya kira karo na biyar. Ya ce hedimasta ya ce in aka kira Azahar ba wakili, to a naɗe tabarmi, shi bai ba da ɗiyarsa ga gidan da ba su san lokaci ba. A nan dole na faɗi gaskiya.

Motoci biyu sun tsaya. Ɗaya ba igiya, ɗayan kuma ya leƙa ya ce shi ba zai ja abin da in ya karce ba zai iya biya ba. Sai ga wani manomi da amalanken shanu ya fito daga gona, ya sauke taki zai koma gari. Ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"A'a! Ba malamin gona ba ne? Kai ne fa bara ka tara mu ka ce zamanin shanu ya wuce, kowa ya nemi tarakta."

Na ce, "Malam, don girman Allah."

Murmushin da ya yi ya fi zagi ciwo. Ya kwanta a ƙasa ya samu inda ya ɗaura igiya, ya ɗaure a bayan amalanke, ya ce wa shanunsa mu je.

Haka muka shiga Kurfi. Bajimai biyu a gaba suna tafiyar ƙasaita, amalanke mai warin taki a tsakiya, sannan jar motar manya, ni a ciki ina kokawa da sitiyarin da ya sandare, ƙofata a wangale don Baffa ya sha iska. Motar da aka ce tana tsere da iska, ga mai tallan rake ya wuce mu a ƙafa. Muna karyo kwanar gidan, jama'ar da ke kan tabarmi suka miƙe gaba ɗaya. Ban taɓa ganin wayoyi sun fito daga aljihu da sauri irin na ranar ba. Sanƙira kuwa, Allah ya saka mini, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a a ba su hanya! Ga wakilin ango nan ya iso da doki biyu masu ƙaho!"

Aka yi ta jan ƙofar Baffa, ta ƙi. Lokaci na tafiya. Hedimasta ya duba agogonsa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Kai ne babban wan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya kyauta." Sannan ya ce a ɗaura a haka.

Aka jawo tabarma har gindin motar. Liman ya durƙusa ta ƙofar direba, hedimasta na gefensa, Baffa na ciki a kishingiɗe kamar mai jinya, ya miƙo sadaki ta saman giya. Da aka zo karɓa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Na karɓa wa ɗana Nura. Wancan babban kuwa, ku shaida, ban san inda aka samo shi ba." Aka shafa fatiha rabin mutane na danne dariya. Ni ina tsaye a bayan mota, in da ƙasa za ta tsage da na ce ta yi sauri.

Ana gama shafawa sai ga Malam Lawal a kan babur, ashe Nura ya kira shi. Bai ko gaishe ni ba. Ya leƙa ta ƙofar direba, ya zura hannu ta gefen kujerar Baffa, can ƙasa, ya ja wani ɗan ƙarfe da yatsa ɗaya. Ƙofa ta buɗe. Ashe tun farko abin na nan, kusa da ƙafar Baffa. Ya leƙa injin na minti ɗaya, ya rufe bonet a hankali kamar mai rufe gawa, ya ce, "Yallaɓai, ta zama ta uku."

Washegari na dira wurin Alhaji Ɗanjuma ina huci. Na same shi cikin farar shadda, ko ɗigon mai babu, yana shan shayi. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da abin da ban san na iya faɗi ba. Ya bari na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ba da bakanikenka ka zo ba? Bai faɗa maka ba?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: macucin ma gaskiya ya faɗa.

Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Amaryar Nura, yarinya mai kunya, har yau in ta kawo mini ruwa sai na ga kafaɗunta na rawa don danne dariya. Motar kuwa masu sayen kayan gyara suka kwashe ta gunduwa-gunduwa, yanzu ina bin layin acaɓa da takalmin shiga gona a hannu.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. In mutum biyu suka ba ka labari iri biyu a kan inji, ɗaya rigarsa fara fat, ɗaya tasa ta yi baƙi da mai, to ka bi maganar mai dattin. Mai farar rigar ba zai taya ka turi ba.