Yadda Na Sanar da Rasuwar Surukina Yana Gona

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta daminar bara, ranar da na goya matata a babur daga Kankia zuwa Ƙofa, tana kuka ina kuka, za mu jana'izar mutumin da a daidai lokacin yake gonarsa yana noman gyaɗa lafiya lau.

Ni tela ne. Karatuna na boko a aji shida ya tsaya, amma Allah ya yi ni da bin diddigi. In na kulle shago sai na dawo sau biyu na ja kwaɗon. In na idar da alwala nakan tsaya ina tambayar kaina ko na shafi kunnen hagu. Matata Hajara takan ce da damuwa sana'a ce da tuni na gina bene.

Abokina Sada, malamin makaranta, shi ya zo mana da wani wasa daga Zariya. Mu huɗu muke zama duk Juma'a bayan la'asar, mu kewaye teburin da nake yankan yadi. Kowa ya ɗauki wani mutum ya zama shi a cikin labari, wannan maharbi, wancan falke, wancan maƙeri. Mutum ɗaya ke jan labarin, ya ce ga daji, ga rafi, ga dodo, me za ku yi? In ka ce za ka tsallake rafin, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ita za ta nuna ka tsallake ko ka faɗa ciki. Tatsuniya ce dai ta manya, sai dai kowa na da baki a ciki. Ni aka ba jan labari, wai don ba na mantuwa.

Tun zaman farko ƙwayar nan ta hana ni sakat. Maza huɗu sun duƙufa kan tebur suna jefa abu suna ihu, duk wanda ya leƙo ai caca zai ce. Ga takardun wasan suna cakuɗa da na awon mutane (na taɓa yanka wa wani bawan Allah wando da lambobin ƙarfin maharbi, har yau bai san abin da ya sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba). Sai Sada ya nuna min wata manhaja ta waya da aka yi domin irin wannan wasan, ana biyan kuɗinta duk wata.

Gaskiya kuma manhajar nan ta yi min rana. Ita ke jefa ƙuri'a, lamba ta fito ɓaro-ɓaro kowa na gani, daga ɗaya zuwa ashirin. Ita ke riƙe taswira. Ita ke tuna wa ke da igiya, wa ya cinye guzurinsa tun a hanya, don haka gardama ta ƙare. In an shiga daji har kukan kura take yi. Akwai kuma wurin da za ka rubuta abin da ya faru a zaman, ka danna, ta tura wa 'yan wasa a guruf.

Saura damuwa ɗaya. Ƙirƙiro mutanen da babu su, ka ba su suna da gari, ba ƙarya ba ce kuwa? Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na samo dabarar da na ga babu kamarta: zan yi amfani da garuruwa na gaske da mutane na gaske, amma alheri kawai zan riƙa faɗa a kansu. Da labari ya buƙaci dattijo mai hikima, mai sanda, wanda ke nuna wa matafiya hanya, wa zan sa in ba surukina ba? Malam Babba na Ƙofa, mahaifin Hajara, mai karantarwa a zaurensa, mai noma da hannunsa. Shekara goma sha biyu da aurenmu ban taɓa haɗa ido da shi ba. A ganina girmamawa ce na yi masa.

Wata uku yana jagorantar su maharbi ba tare da ko tuntuɓe ba. Ranar wata Juma'a suka iso bakin ruwa, wani kada mai kai uku ya taso (ni na sa kadan, ban musa ba). Dattijo ya tare hanya da sandarsa don yara su tsere. Na danna ƙuri'a. Ɗaya ta fito.

Ɗaya a wasan nan babu abin da ya fi ta muni. Da ƙwayar hannu ce da na yi atishawa na girgiza tebur. Amma manhaja ta riga ta nuna wa kowa, ta adana, har da ƙarar faɗawa ruwa, tsulum.

Sada ya dube ni ya ce, "Tela, ka kashe surukinka."

"Ba ni ba ne, waya ce. Don Allah a sake jefawa."

"A sake? Wancan satin da maharbina ya rasa ƙafa, na roƙe ka, cewa ka yi amana ce."

Haka ne, na faɗa. Dole na bari.

Washegari da hantsi na zauna rubuta labarin zaman. Nan ma hali ya motsa. Malami guda, mahaifin matarka, ka rubuta "ya mutu" kawai kamar kaza? Ai rashin ladabi ne. Sai na tsara abin yadda ya kamata: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Malam Babba na Ƙofa rasuwa a bakin ruwa, ya cika da kalmar shahada, Allah ya jiƙansa ya ba mu haƙurin rashinsa. Na bi da halayensa na kirki layi-layi. Can ƙasa na kawo bayanin kada. Sau uku na karanta, na gyara wasali biyu, na ƙara waƙafi. Na danna tura, na zaɓi guruf, na miƙa wayar ga mai caji don ba mu da wuta, na koma kan keke hankalina kwance.

Abin da ban karanta ko sau ɗaya ba shi ne sunan guruf ɗin. Na 'yan wasa da na dangin Hajara suna jere ne, ɗaya bisa ɗaya. Kuma saƙo in ya yi tsawo samansa kawai waya ke nunawa, sai ka danna ka ga sauran. Wa zai ga Inna lillahi da sunan ɗan'uwansa ya tsaya neman sauran?

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Hajara a ƙofar shago, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Baba ya rasu! Gwaggo ce ta kira ni daga Yashe. Wai a bakin ruwa!"

Mai hankali a nan zai tuna saƙon da ya tura. Ni ban tuna ba. Abin da ya faɗo min shi ne, shi ke nan, wasan ya kama shi. Jiya na danna, ɗaya ta fito, yau ga shi a bakin ruwa, daidai wa daida. Na tada babur. Duk hanyar Ƙofa Hajara na kuka a bayana, ni ina kukan da ya fi nata, ina istigfari, ina tunanin ko wannan kisan kuskure ne, ko azumin wata biyu ya hau kaina, kuma wane malami zan iya yi wa wannan tambaya.

Muna shiga Ƙofa na hango babura jingim a ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, mutanen Kaikai sun iso, na Yashe sun iso, wasu samari sun dawo daga rafi jiƙe sharkaf, gawa suka je nema. A tsakiyar taron kuwa ga Malam Babba zaune, ƙafafunsa duk laka, fartanya a gefensa, yana shan fura. Tun asuba ya tafi gonarsa ta nesa, shi kuma ba ya riƙe waya.

Hajara ta dira kafin in tsaya, ta zube gabansa. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, sai ga ni na buɗe baki gaban kowa:

"Alhamdu lillahi! To wane marar tsoron Allah ne ya yaɗa wannan ƙarya? Wallahi a nemo shi!"

Yaya Lawal, wan Hajara, ya taso a hankali, ya kara min wayarsa a fuska. Ga sunana, ga hotona ina murmushi da tef ɗin awo a wuya.

Ya ce, "Tsaya ka ji, ai da saura." Ya danna, ya karanta da ƙarfi har ƙarshe, har inda kada ya haɗiye Malam da kan tsakiya, sauran kawunan biyu suna kallo.

Ban san lokacin da na cire takalmi na tsuguna ba. Na fara bayani kaina a ƙasa, tebur, maharbi, ƙuri'a, manhaja, ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara lalacewa a bakina. Malam ya ajiye ludayi.

"Wanga kada, kai uku gare shi?"

"E, Baba."

"A rafinmu?"

"A cikin waya ne, Baba."

"To. Amma ka ce na yi kalmar shahada?"

"Ka yi, Baba. Na tabbatar ka yi."

"Madalla, ka kyauta. Sandata fa?"

"Maharbi ya ɗauka."

"Wane maharbi?"

"Sada ne, malamin makaranta."

"Ka ce mashi ya maido, ban bar wasiyya ba."

Nan dariyar da mutane ke dannewa ta ƙwace, wani tsoho har yana riƙe ciki. Gwaggo kaɗai ba ta yi ba. Ta leƙo daga soro tana nuna ni da yatsa: "Kai yaron nan, ka cuce ni! Ina isowa na rantse gaban jama'a na yafe mashi rigimar iyakar gona!"

Malam ya ce, "An ji, kuma ga shaidu."

Da aka watse na matsa, murya ƙasa-ƙasa, na ce ko Hajara za ta fito mu kama hanya. Malam bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ɗiyata zaman makoki ta zo. A bari a yi uku."

Ni kaɗai na koma Kankia. Kwana ukun nan ban ɗinka ko aljihu ba. Ban san wasa yake ba ko da gaske, kuma na san mace in ta wuce kwana uku a gidansu da fushi, magana ta zama ta manya. Ranar Talata na sa babbar riga, na ɗauki goro, na tafi. Aka bar ni a zaure har azahar, sannan ta fito da ƙullin kayanta, ta hau babur.

Sai da muka hango Kankia ta taɓa kafaɗata.

"Ni ma ina cikin wasan?"

Na ce, "Kina ciki. Ke ce sarauniyar tsibiri."

"Da raina?"

"Da ranki, zuwa Juma'ar da ta wuce dai."

"To tsaya nan gefen titi ka cire ni tun ina numfashi."

Na tsaya na cire ta. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Har yau ina biyan kuɗin wata, don aikinta take yi tsakani da Allah, abin da ka danna shi za ta aikata, ba ruwanta da ko surukin wane ne. Abin da na koya shi ne, duk wanda za ka kai bakin ruwa gaban kada mai kai uku, ka fara tabbatarwa ba shi da dangi masu waya.