Tafintan San Surukina

Kowace al'umma tana da ranar da ba ta mantawa da ita har abada. Tawa ta faru ne a wani garke a bayan garin Kebbe, a gaban wani sa da ya ƙi cin ciyawa.

Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Wata rana na ci karo da wani shafi a waya, yana bayanin kalmar "run" da tarin ma'anoninta, kowace da takwararta a Sifaniyanci: correr in mutum ne ke gudu, funcionar in inji ne ke aiki, dirigir in ana tafiyar da ma'aikata. Na haddace su tsaf, na riƙa zuba su a ɗakin malamai. (Ban taɓa cewa na iya Sifaniyanci ba. Ban dai taɓa musawa ba.)

Labari ya kai Kebbe, garin matata. Sai ga wayar yayanta: wani Bature likitan dabbobi zai zo, an ce ɗan Sifaniya ne, san Baba kuma ba lafiya. Baba, surukina, ya daɗe yana shakkar ko bokona na da wani amfani. Na hau babur ina jin ranar wanke kaina ta zo.

Abin da ban lissafa ba shi ne surukuta. A gaban Baba ba na tsayuwa, ba na ɗaga ido, ba na ɗaga murya. Saboda haka na cire takalmi na tsuguna tsakaninsa da Baturen, kaina a ƙasa, kamar mai neman allura.

"Malam, gaishe shi da gajiya," in ji Baba.

Na laluba taskata. Babu gajiya a ciki. Na raɗa wa ƙasa, "Correr."

Baturen ya duba bayansa.

"Tambai shi iyali."

"Dirigir," na ce, don dai iyali ma tafiyar da su ake yi.

"Mi yac ce?"

"Lafiya lau suke, Baba." Alhali Baturen bai ce komai ba, bawan Allah.

Da aka zo kan maganar san, Baba ya yi bayani mai tsawo: ba ya ci, ba ya tuƙa, hancinsa ya bushe. Na taƙaita duka da "funcionar", na girgiza kai. Likitan ya dubi sa, ya dubi babur ɗina, ya sake duban sa. Ni kaina a lokacin ban san wanne nake nufi ba.

Can sai ya tsuguna daidai da ni (wataƙila ya ɗauka haka ake magana a nan), ya tambaye ni a hankali, da Turanci tsantsa, ko akwai mai jin Turanci a kusa.

Na ce akwai.

Daga nan aiki ya tafi, aka yi wa sa allura. Baba ya saurare mu har muka gama, sannan ya dubi yayan matata.

"Ashe shina jin wannan. To wancan na farin, da wa shika yi?"

Na koyi cewa kafin mutum ya buɗe taskar iliminsa, ya fara tambayar baƙo daga ina yake. Sa ya warke. Likitan ɗan ƙasar Holan ne.